Gurbi a Gefen Sa'a

Idan ka bar Gwarzo ka miƙi hanyar Lakwaya, kafin ka isa akwai wani burtali da ya ratse hagu, shi zai kai ka Dogon Marke. Gari ne ƙarami, ko sallar Juma'a sai sun je maƙwabta. Abin da suke da shi wanda maƙwabtan ba su da shi shi ne kurmin da ke bayan gari. Nan ne tsohon mazaunin kakanninsu, har yau ana ganin guntun ganuwa ta gabas, duk ta zaizaye ta koma tudu. Da aka tashi daga wurin sai aka mayar da shi maƙabarta, aka kuma hana sare manyan itatuwansa sai reshen da za a jera a kabari. Shi ya sa ko a tsakiyar bazara, lokacin da gonaki suka zama fili fetal, kurmin yana nan da duhunsa. Kanya da tsamiya da marke a sama, geza da sabara da kalgo sun cushe a ƙasa.

A cikin wannan kurmi Hambali ya shekara arba'in da ɗaya yana haƙa kabari. Manomi ne kamar kowa, dawa da gyaɗa, ba kuma wanda ya taɓa naɗa shi wani abu. Wajen wani tsoho, Malam Uwaisu, ya koyi aikin, da ƙarfin tsohon ya ƙare sai abin ya zauna a hannunsa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, maganarsa ba ta da yawa, kuma rabinta faɗa ne. In ana jana'iza ka kauce hanya ka taka inda bai kamata ba, ko kai wane ne sai ya daka maka tsawa ya ce ka sauka daga kan mutum. Ka duba ƙasa, ba ka ga komai ba sai busasshen ganye. Amma da mutum a wurin, Hambali ya san sunansa da na ubansa.

Ga yadda ya sani. Malaman garin tun da can ba su yarda a yi gini a kan kabari ba, ba siminti, ba allo mai suna. Tudun ƙasa kuwa damina huɗu ta isa ta baje shi. Don haka duk wanda aka rufe, Hambali kan saro reshen dashi ya kafa a wajen kai. Dashi ba shi da wuyar sha'ani, in ka soka reshensa a ƙasa ko da rani ne, zai yi shiru har ruwa ya sauka sannan ya kama. Sauran aikin na iska da tsuntsaye ne. Wannan dashin geza ta rungume shi, wancan tsada ta fito a gindinsa, wani ya karkace yana neman rana. Babu biyu da suka yi kama a idon Hambali. Mutum zai zo daga Kano ko Kaduna ya ce yana son ziyartar mahaifinsa, Hambali ya wuce gaba ba ko waiwaye, ya tsaya ya nuna masa da haɓa. Bai taɓa ƙirga taku ba, bai taɓa rubuta komai ba. Don me zai yi? Abin da yake tinƙaho da shi a ransa, ko da bai faɗa ba, shi ne tun da yake digarsa ba ta taɓa sauka a kan wanda ya riga ya kwanta ba.

Mutum ɗaya ce a duniya take yi wa Hambali tsawa ya yi shiru, yayarsa Uwaliya mai daddawa. Ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. A shekarar sanƙarau, bazarar casa'in da shida, cutar ta shiga Dogon Marke ta bi yara. Hambali yakan haƙa uku a yini, wata rana huɗu, ƙanana ƙanana, kudu da babbar kanya, kusa da kusa don babu lokacin zaɓen wuri. 'Yar Uwaliya, Sa'a, mai shekara tara, tana cikinsu. Ta kwanta ranar Litinin, ranar Laraba Hambali ya ɗauke ta a hannu zuwa kurmi, ko makara ba a nema ba.

Ran sadakar uku Uwaliya ta kira shi ɗaki. Ba ta yi kuka ba.

"Hambali, yarinyar nan ba ta iya kwana ita kaɗai ba. Ka bar mini wuri a gefenta."

Ya ce to. Ya bar tsiri ɗaya yamma da Sa'a, daidai tsawon babba, yadda in an kwantar da Uwaliya tana fuskantar alƙibla 'yarta za ta kasance a gabanta. Yaran da suka biyo baya aka zagaye wurin da su ta ko'ina. Alamar ita ce dashin Sa'a, wanda daga baya kalgo ya fito ya manne da gindinsa. Shekara ashirin da takwas Hambali yana kare wannan tsirin. An yi manyan mutanen da 'ya'yansu suka nuna wurin don inuwar kanya, ya ce musu da mai shi. Ita Uwaliya ba ta taɓa ganinsa ba, matan garin ba sa shiga maƙabarta, maganar ƙanenta kawai ta riƙe. Duk Sallah in ya je gaishe ta, kafin ta miƙo masa tuwo sai ta ce, "Wurina yana nan?" Ya ce, "Yana nan, Yaya." Sannan ta ba shi tuwon.

A bazarar da ta wuce cutar yanar ido ta rufe masa ido ɗaya. Aka yi masa aiki, 'yarsa Naja'atu da ke aure a Kabo ta riƙe shi sati shida a gidanta, ta ce ba rana ba ƙura. Ana cikin haka, a wata jana'iza kububuwa ta sari wani magidanci a cikin sabara. Ya rayu, amma ƙafar ta kumbura kamar turmi, gari ya tsorata. Malam Musbahu, malamin Islamiyya kuma shugaban ƙungiyar ci gaban gari, mutumin kirki ne mai zafin nama. Ya miƙe a masallaci ya ce abin kunya ne a bar makwancin iyaye ya zama gidan macizai. Aka sa gayya. Magidanta sittin suka fito da adda da gatari da diga, mata suka dama musu kunu. Manyan itatuwa ba a taɓa su ba, ai an san doka. Amma geza da sabara da kalgo da dashi, wa ya ɗauke su itace? Aka sare, aka tumɓuke, aka tara aka cinna wuta, aka bi da manjagara aka baje. Bashari, abokin haƙan Hambali, ƙato ne mai ƙarfi amma mai sanyin baki. Ya ce a jira Malam Hambali ya dawo, aka ce masa aikin lada ba ya jira. Suka gama suna murna, har hoto aka ɗauka. Bashari kuwa kullum sai ya ciro waya zai kira Kabo, sai ya mayar da ita aljihu.

Kwana tara bayan gayyar, ranar Talata bayan sallar Asuba, Uwaliya ta cika. Ɗanta Ƙasim ya kira. Hambali bai tsaya karin kumallo ba ya hau acaɓa, da hantsi yana Dogon Marke. Ya shiga ya ga fuskar yayarsa, ya yi mata addu'a, ya fito. A zaure Ƙasim ya miƙo masa karan dawar da aka auna tsawon gawar da shi.

"Kawu, Liman ya ce bayan Azahar. Zafin nan ba zai bari a kai La'asar ba. Jiya da yamma ma sai da ta ce in tuna maka."

"Ba sai an tuna mini ba."

Bashari yana jiransa a bakin hanya da diga biyu da shebur da dagi. Tun daga gaisuwa Hambali ya lura mutumin ba ya haɗa ido da shi, ya ɗauka alhinin rasuwa ne. Suna tafe Bashari ya fara, "Malam, akwai wata magana," sai suka sha kwanar gonar ƙarshe. Bai ƙarasa ba, don ba sauran amfani.

Kurmin ya zama fili. Daga inda suke ana hango ganuwa, abin da ba a taɓa yi ba. Manyan itatuwa a tsaye ɗai-ɗai, ƙarƙashinsu toka da baƙar ƙasa, an share tas kamar tsakar gida. Sabon idon Hambali yana ganin komai tar, ya fi shekara goma rabonsa da gani haka, kuma babu abin gani. Karan awo ya suɓuce daga hannunsa. Ya ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un a hankali, ya duƙa ya ɗauki karan. Bai yi faɗa ba, abin da ya fi tayar wa Bashari hankali ke nan.

Babbar kanya tana nan. Ya je ya jingina bayansa da ita ya fuskanci kudu, yadda ya saba. Da a da ne, daga nan sai ya bi gefen geza, ya wuce dashi mai kai biyu, ya sunkuya a ƙarƙashin tsada, ga dashin Sa'a da kalgonsa. Ƙafarsa ta san hanyar amma da waɗannan ta san ta. Ya yi taku goma ya tsaya. Ya dawo ya sake, wannan karon ya ji kamar ya karkata yamma. A ƙarƙashin wannan toka akwai yara sun fi arba'in, tsakanin wani da wani bai wuce kamu biyu ba, kuma a tsakiyarsu akwai tsiri ɗaya tak da babu kowa.

Ya cire takalmi ya durƙusa ya shiga share toka da hannu. Dashi saiwarsa ba ta nisa, 'yan gayya sun tumɓuke shi duka sun cike ramukan. Kalgo kuwa taurin kai gare shi, sai dai a sare shi a bar kututture. Duk baƙin kututturen da ya samu sai ya kankare shi da wuƙa ya ja ɓawon. Na sabara ya gutsure, na geza ya ƙi, na kalgo ya taho zare-zare kamar igiya. Ya samu na kalgo uku. Ya tona gindin kowanne da yatsa yana sansana ƙasar, yana neman ƙamshin ƙaron dashi. Ɗaya babu. Biyu akwai, kuma tsakaninsu taku bakwai ne.

"Wanne ne, Malam?" in ji Bashari.

Hambali ya dubi wannan ya dubi wancan. Ya tuna kalgon Sa'a ya ɗara kaurin hannu, duka biyun sun ɗara. Ya tuna da yamma inuwar kanya kan rufe wurin, yanzu kuwa safiya ce, inuwar tana can wani gefe. Rana tana hawa, zufa ta jiƙa masa riga. Ya nuna na kusa da kanya.

"Wannan."

Ya ajiye karan awo yamma da kututturen, ya ja layi da dagi, ya yi bismilla. Suka kama. Ƙasar bazara ce, diga tana tashi da ƙura kawai. Bashari yana sara, Hambali yana kwashewa da shebur, kuma duk shebur ɗaya sai ya tsaya ya dubi ƙasar. Wadda ba a taɓa tonawa ba baƙa ce a sama, ja a ƙasa, kowacce a wurinta. Zurfin taƙi ɗaya, lafiya. Taƙi biyu, ya ga ɗan ja a cikin baƙa, ya ce wa kansa aikin gara ne. Suka kai gwiwa. Hambali ya karɓi diga don Bashari ya huta, ya ɗaga ya sauke, ya sake ɗagawa ya sauke, sai ƙarar ta canza. Ba ta ce tim ba, ta ce ƙwas, kuma bakin digar ya shige da sauƙi.

Ya saki ƙotar. Ya durƙusa ya share da tafin hannu. Guntayen marke ne a jere, sun ruɓe sun yi baƙi, saran gatarinsa ne a bakinsu. Ɗaya ya karye ya faɗa ciki, ga ɗan duhu a ƙasa. Bai leƙa ba. Ya cire hularsa ya toshe wurin da ita don kada ƙasa ta zuba.

"Samo mini itace."

Bashari ya ruga ya saro reshen marke. Hambali ya gyara jerin. Ya yi wa mai kabarin sallama, ya nemi gafara, bai san sunan da zai kira ba. Wannan ya fi komai yi masa ciwo. Shi ya kwantar da yaron nan ko yarinyar nan da hannunsa, yau ya buɗe masa ɗaki bai ma san ko wane ne ba. Suka mayar da ƙasa suka daddale.

Suna cikin haka Malam Musbahu ya iso da jarkar ruwa biyu a bayan babur, na kwaɓa ƙasa. Ya yi sallama da ta'aziyya, har ya fara cewa, "Baba Hambali, ka ga yadda muka gyara," sai idonsa ya faɗa kan ramin da aka cike da kuma kan Hambali ba hula. Ya dubi Bashari. Bashari ya gaya masa cikin kalma kaɗan.

"Wallahi, Baba, lada muka nema," in ji Musbahu. "Ciyayi muka ɗauka."

"Ciyayi." Hambali ya miƙe. "Malam Musbahu, ina mahaifinka yake kwance?"

Musbahu ya juya ya dubi wajen tsamiya, ya ɗaga hannu zai nuna, hannun ya tsaya a sama yana yawo. Ya sauke shi. Babu sauran lokaci. Inuwar mutum ta dawo ƙarƙashin ƙafarsa.

Saura kututture ɗaya. Bashari ya ce tun da wancan ba shi ba ne, ai wannan ne. Hambali ma haka zuciyarsa take gaya masa, kuma yana so ya yarda, don kuwa wannan ita ce dama ta ƙarshe. Ya ajiye karan awo, ya ja layi. Ya soka dagi a kusurwa, ƙasa ta yi tauri. Ya soka a tsakiya, ta yi tauri. Ya soka wajen ƙafa, dagin ya ɗan nutse fiye da yadda ya so. Ramin gafiya ne? Tsohuwar saiwa ce ta ruɓe? Ko kuwa kalgon Sa'a shi ne na ukun nan da bai ji ƙamshi a gindinsa ba, wuta ta cinye ƙaron? Ɗazu ma da ya ce wannan, har ransa ya yarda.

Ya ɗauki diga ya ɗaga sama. Ya tsaya a haka. Daga cikin gari aka jiyo ladan yana gwada lasifika, yana hura ta. Bashari da Musbahu suna kallonsa. Idan ya sauke digar nan, ko dai ya cika wa yayarsa alkawarin shekara ashirin da takwas, ko ya buɗe ɗan wata matar da ita ma maganarsa ta riƙe. Kafaɗunsa suka fara zafi. Ya sauke digar a hankali ya jingine ta da ƙafarsa.

"Ku ɗauko kaya. Mu je bakin ganuwa."

Can ne sabon wuri, inda kaburburan bana suke da tudunsu, ba mai ɓata. Daga kanya zuwa can ya fi taku ɗari. Musbahu ya hau babur ya kirawo mutum shida, suka karɓi diga suna musanyawa. Hambali ya tsaya a kansu yana nuna inda za a gyara, ya sassaƙe ƙaramin ramin ciki da kansa, ya gwada kara ya zauna daidai. Suna fito da shebur na ƙarshe aka tayar da sallar Azahar.

Bashari ya matso kusa da shi ya rage murya. "Malam, Ƙasim yana da shekara biyar lokacin. Bai san gabas ba bai san yamma ba a wurin nan, balle yanzu da komai ya canza. In ya tambaya, a ce masa nan ne. Hankalinsa ya kwanta. Wa zai ce ba haka ba?"

Gaskiya ne, babu wanda zai ce ba haka ba. Duk garin nan abin da ya nuna shi ne kabari.

Aka yi mata salla a ƙofar gida, aka taho da makara. Mutane suka shigo kurmin suna tafiya a tsorace, don labari ya riga ya zaga, kowa yana duban inda zai sa ƙafa kuma ba wanda ya san inda zai kauce. Aka ajiye makara a bakin ramin. Ƙasim ya dubi ramin, ya dubi sababbin tudun da ke gefe, ya dubi kawunsa.

"Kawu, nan ne? Nan Sa'a take?"

Musbahu ya sunkuyar da kai. Bashari ya buɗe baki, Hambali ya riga shi.

"Ba nan ba ne. Tana can wajen kanya. Na neme ta ban gane ta ba."

Ƙasim ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya juya fuska. Liman ya ce a hankali ƙasa duk ta Allah ce, a sa ta, rana tana yi.

Hambali ya sauka cikin ramin, Ƙasim ya bi shi. Aka miƙo ta. Ba ta da nauyi ko kaɗan, wannan matar da ta goya shi. Suka kwantar da ita a gefen dama, ya gyara mata kai ya fuskantar da ita alƙibla, ya sassauta ɗaurin likkafani. A gabanta babu komai sai jan bangon ƙasa. Ƙasim ya fita. Aka miƙo itacen farko, Hambali bai karɓa ba tukuna. Ya sunkuya daidai kunnenta.

"Yaya, wurinki yana nan. Ni ne ban same shi ba. Ki yafe mini."

Sannan ya ɗaga hannu ya karɓi itacen.